Ranar da Aka Yanke Shamakin Bi-Sannu

Ban cika yarda da labarin mutumin da aka ce bai taɓa kuskure ba. Shekarun da na yi ina karatu a nesa sun bar mini wannan ɗabi'a: idan aka ce wane bai taɓa ɓari ba, sai in fara tambayar ko ya taɓa ɗaukar wani abu a ka. Don haka da na dawo gida na tarar ana faɗa a layinmu cewa Bi-Sannu ya tsufa yana jigilar dawaki, ba a taɓa sauke ko ɗaya daga tirelarsa da ƙwarzane ba, sai na ajiye maganar a inda nake ajiye irinta. Ban kuma ga abin rubutawa a rayuwar mutumin da sana'arsa ita ce ya kai dabba daga nan zuwa can ba. Sai da na zauna da shi, na zauna da ƙanensa, na ga cewa labarin gaskiya ne, amma irin gaskiyar nan da ake yi wa kwaskwarima kafin a fito da ita.

Direbobi ne suka laƙa masa sunan, ba kuwa don yabo ba. Yana da tsohuwar a-kori-kura da ke jan wata ƙaramar tirela mai ɗaukar doki biyu, kuma idan ya hau titi da kaya, duk wanda ke bayansa sai ya haƙura da alƙawarin da ya yi na ranar. A yi ta danna masa ham, a wuce shi ana ɗaga masa hannu, shi kuwa ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. 'Yan wasan ƙwallon doki shi suke kira, haka masu sukuwa, haka makarantun koyon hawa. Da ido yake gane dokin da tafiyar mota ke wahalarwa, wato ya ƙi ci ya ƙi sha, ya san wanda sai an rufe masa fuska zai shiga. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: bai taɓa hawa doki ba, bai kuma taɓa mallakar ko jela ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ni nake ɗaukar su. Wanda ya ɗauke ka kuma ba ya roƙon ka goya shi."

Tirelar tana da ƙofar baya wadda ake kwantarwa ta zama gada doki ya taka ya shiga, da wasu ƙananan ƙofofi biyu a samanta. Daga gaba akwai sandar da doki ke jingina ƙirji. A tsakiya kuwa, daga gaba zuwa baya, akwai shamaki: allon ƙarfe mai kauri da aka lulluɓe da roba, wanda ya raba cikin gida biyu. Bai kai ƙasa ba. An bar masa rata kamar tsayin gwiwar mutum, don doki ya samu wurin buɗe ƙafafu idan an sha kwana.

Wannan shamaki shi ne addinin sana'ar Bi-Sannu. A inuwar gareji, inda direbobi ke jiran aiki, ba a yin hirar da ba zai kawo shi ba. "Doki biyu, ɗaki biyu," in ji shi. "Duk fitinar duniya daga rashin shamaki take." Bai tsaya a tirela ba. Ɗakin 'ya'yansa maza ya raba shi da katako tun suna ƙanana. Akwatin kayan aikinsa gida-gida ne, sifana ba ta taɓa guduma. Matarsa ta taɓa ce masa, "Malam, gado kaɗai ya rage. In ka tashi sa masa, ka ba ni gefen taga."

Tsakar gidan da suka gada shi da ƙanensa ma akwai katangar kwano a tsakiya, kuma wannan ce mai tarihi.

Ƙanen nasa mai walda ne, kowa Auta yake ce masa duk da furfurarsa. Shi ya ƙera tirelar da hannunsa lokacin suna samari. Ya yi shamakin na cirewa ne, da sakata biyu, gaba da baya, kowace da 'yar waya mai lanƙwasa da ake zura mata a hanci don kada ta zame. Wata rana, a farkon sana'ar, Bi-Sannu ya ɗauko ingarmu biyu da ba sa ga maciji da juna. Ya faɗa wani rami, sakatar baya ta fita, shamaki ya yi lilo, dawakin suka tarar ba kowa tsakaninsu. Kafin ya tsaya sun yi abin da suka daɗe suna son yi. Ɗaya ya sauka da kunne a tsage.

Wannan kunne ba ya cikin lissafin Bi-Sannu, domin a ganinsa ba shi ya tsaga shi ba, sakata ce, sakata kuwa aikin Auta ce. Auta ya ce 'yar wayar ce ba a zura ba, kuma ya gan ta da idonsa a aljihun rigar yayansa. Da maganar ta mutu a nan, ba don abin da Bi-Sannu ya yi washegari ba. Ya ja tirelar ya wuce ƙofar shagon ƙanensa, ya kai ta wurin wani baƙon mai walda a wata unguwa, ya ce a liƙe shamakin da ƙasa da rufi, liƙewar har abada. A sana'ar walda ba zagin da ya kai a kai aikinka wurin wani ya gyara. Ba su yi faɗa ba. Suna gaisawa, suna zuwa sunan jikokin juna. Amma daga ranar gaisuwar ba ta wuce "an tashi lafiya", kuma ba da daɗewa ba kwano ya tsaya a tsakar gida.

Liƙewar ta jawo masa asara ɗaya da ba ya faɗa wa kowa. Duk wanda ya kira shi ya ce yana da goɗiya mai shayarwa da za a kai wani wuri, sai motar Bi-Sannu ta kamu da ciwo nan take. Ko birki, ko an riga ka, ko bayansa ya riƙe. Ya san dalili sarai. Ɗan duƙushi ba a ɗaure shi, ba a kuma raba shi da uwarsa. Cire shamaki ake yi, a bar su ɗaki ɗaya, uwa a ɗaure, ɗa yana sake. Shi kuwa nasa ba ya ciruwa. Maimakon ya ce ba zai iya ba, sai ya ce ba ya so, har mutane suka ɗauka wata ƙa'ida ce ta manya.

Haka aka yi ta tafiya har Hajiya ta rufe makarantarta.

Hajiya ita ce uwar ɗakinsa mafi daɗewa, mai makarantar koyon hawan doki a gefen gari. Gari ya bi ta ya cim mata, ta sayar da filin ga masu ginin benaye. Bi-Sannu ne ya kwashe dawakin bibbiyu ya kai wa sababbin masu su. Aka bar wata tsohuwar goɗiya fara, mai lotsattsen baya da ƙaton ciki, wadda yara suka koyi hawa a kanta har suka kawo nasu yaran. Ba wanda ya taya.

"Bi-Sannu," in ji Hajiya, "ka ɗaukar mini dawaki har mun tsufa tare. Ɗauki wannan, taka ce. Ba ta da aiki sai ci, kamar ni."

Ya rasa bakin godiya, ya kuma rasa bakin ƙi. Ya roƙa a bar ta a bargar tukuna, ya kafa mata rumfa a 'yar gonarsa da ke bayan gari. Yana cikin kafa rumfar ne Hajiya ta kira shi a waya da safe tana dariya har da tari.

"Zo ka ga kyautata. Ta haihu."

Ashe cikin da kowa ya ɗora wa ciyawa da tsufa, ciki ne na gaske. Aka yi ta lissafin baya, aka tuna wata rana da shingen ingarma ya karye. Bi-Sannu ya tsaya a ƙofar barga, ya dubi wani abu ja-ja mai dogayen ƙafafu yana tangaɗi a gindin uwarsa, ya ce, "Kun gani ko? Rashin shamaki ne." Amma muryarsa ba ta fito yadda take fita a gareji ba.

Daga ranar ya zama wani iri. Mutumin da bai taɓa shafa wuyan doki don daɗi ba, sai ga shi kullum da sassafe a barga, wai ya zo duba ruwa. Ɗan duƙushin yakan zo ya kama masa hannun riga yana tsotsa, shi kuma ya tsaya ƙiƙam kada ya motsa ya tsorata shi. Ya koma gida da hannun riga jiƙe. Matarsa ta duba ta ce, "Jikokinka ma ba su samu wannan gata ba." Ya ce dabba ce, amana ce. A ransa kuwa ya san wannan ne abu na farko mai numfashi da ya taɓa cewa nawa ba tare da an ba shi adireshin da zai kai shi ba.

Masu gini ba su san amana ba. Suka kawo katafila suka fara haƙa daga ƙarshen fili, kullum tana matsowa. Goɗiyar ta daina ci sosai, tana zagaye barga tana huci. Likitar dabbobi, wata matashiya mai magana a taƙaice, ta zo ta duba su ta ce ɗan ya yi ƙwarin da zai iya tafiya, kuma gara a tafi da shi kafin hayaniyar nan ta ƙafar da nonon uwar. Sannan ta leƙa cikin tirela ta ƙwanƙwasa shamakin da makullin motarta.

"Baba, wannan za a cire."

"Ba ya ciruwa, 'yata."

"To a yanke."

"Tun ba a haife ki ba yake nan."

"Shi ma ɗan duƙushin ba a haife shi ba," in ji ta. "In ya bi ta wannan ratar yana neman nono mota tana tafiya, ƙarƙashin kofaton uwarsa zai faɗa. Kai ma ka sani." Ta shiga motarta.

Ya sani. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Baƙon mai waldan nan ya daɗe da barin gari. Bi-Sannu ya ja tirela ya shiga layin masu walda ta can ƙarshe, nesa da shagon Auta. Na farko ya shiga ciki, ya shafa gindin ginshiƙi, ya ga irin ɗinkin waldar da ke jikin ƙarafan tirelar, ya fito yana goge hannu. "Baba, wannan hannun maigidana ne. Ba na sa wuta a aikinsa." Na biyu ma haka. Na uku ko shiga bai yi ba, daga nesa ya gane. Shekarun da Bi-Sannu ya yi yana wa'azin shamaki, Auta ya yi su yana yaye yara, har babu mai riƙe da wutar walda a layin da bai taɓa share masa shago ba. Kowa ya ce, cikin ladabi, ai shagon maigida ga shi can, kuma ai gida ɗaya kuke.

Sai dabara ta rage wa mai shiga rijiya. Bi-Sannu ya zauna ya yi tunani irin na mutumin da ya riga ya san amsar da yake so. Matsalar rata ce, ko ba haka ba? To a toshe ratar. Ya sayo allon katako, ya yanka daidai, ya ɗaure shi da waya daga gindin shamaki har ƙasa, ko ɓera ba zai wuce ba. Uwa a dama, ɗa a hagu, kowa da ɗakinsa, ba mai taka wani. Ya ja da baya ya dubi aikinsa, ya ji daɗin kansa. Bai cire shamaki ba, ƙara shi ma ya yi.

Ya ɗauki matarsa don ta riƙe masa ragama. Tana ganin katakon ta ce, "Malam, na shayar da 'ya'ya. In aka sa ni nan aka sa jaririna can, ni da kai ne a motar nan."

"Ke mutum ce."

"To. Allah ya sa ita ta sani."

Shigar ba ta yi wuya ba. Goɗiyar ta hau gada kamar mai shiga ɗakinta, ɗan yana manne da cinyarta. A bakin shamaki Bi-Sannu ya rungume shi, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a gindi, ya karkatar da shi hagu, ya ɗaga ƙofa ya rufe. Aka yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da ke sa mutum ya ce ai ga shi nan. Ya tada mota.

Ba su kai ƙofar fita ba. Goɗiyar ta sunkuyar da kai ta nemi ɗanta ta ƙasa inda ta saba jin ƙamshinsa, ta tarar da katako. Ta yi haniniyar da Bi-Sannu bai taɓa jin irinta daga tsohuwar da yara ke ja da wutsiya ba. Ɗan ya amsa da siririyar murya. Sai duka. Tirela ta fara rawa, a-kori-kura tana rawa da ita, madubi yana nuna sama yana nuna ƙasa. Ya taka birki a hankali, domin ko a cikin tashin hankali ƙafarsa ba ta san wani taki ba, ya fito da gudun da matarsa ta ce rabonta da ganinsa tun suna amarci.

Ya buɗe ƙaramar ƙofar gefe. Katakon ya tsage gida biyu. Ɗan duƙushin ya miƙe tsaye yana neman haurawa, ƙafarsa ɗaya ta gaba ta maƙale a kan shamaki, idonsa ya yi fari. Bi-Sannu ya shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi da kafaɗa, ya zare ƙafar, suka zube tare. Matar ta kwantar da ƙofar baya ta kwance uwar. Da suka sauka, goɗiyar ta bi ɗanta da hanci daga kai har wutsiya, sannan ta juyo ta dubi Bi-Sannu.

A ƙaurin ɗan akwai saɓule kamar tsayin yatsa, jini yana tsattsafowa. Ba wani babban ciwo ba ne. Likita ta ce a waya a wanke a sa magani, ba ta ƙara ko kalma ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Bi-Sannu ya durƙusa yana wankewa. A nan babu sakata, babu Auta. Ya duba ko'ina bai ga wanda zai ɗora wa ba. Dawakin mutane sun shiga sun fita lafiya shekara da shekaru, sai nasa.

Matarsa ba ta ce na faɗa maka ba. Ta tattara guntayen katako ta jefa a bayan mota, ta ce, "Hanyar shagon Auta ba ta da rami."

Da la'asar ya tsayar da tirela a ƙofar shagon, daidai inda ya wuce da ita shekarun baya. Auta yana zaune a kan benci, tabarau ɗin walda a goshi, yana shan shayi. Ya dubi tirelar, ya dubi yayansa, ya ci gaba da hura kofi.

"An wuni lafiya, Yaya?"

"Lafiya."

"Ɓatan hanya ka yi? Mai gyara maka ai ba a nan unguwar yake ba."

Bi-Sannu ya juya ya dubi tirelar.

"Yarana sun ce kana yawo da ita layi-layi kamar mai tallar amarya. Na ce ƙarya ne, yayana ba ya cire shamaki. Duk fitinar duniya ai daga rashinsa take."

"Auta."

"Na'am, Yaya. Ni fa abu ɗaya nake so in ji kafin in mutu. 'Yar wayar nan. A hancin sakata take ranar, ko a aljihu?"

Masu shagunan gefe sun rage ƙarar injinansu. Bi-Sannu ya ji idanu a bayan wuyansa. Ya buɗe baki, maganar ta zo har maƙogwaro, ta ga taron, ta koma. Abin da ya fito shi ne, "Ɗan ya ji ciwo a ƙafa. Katafila ta kusa barga."

Auta ya ajiye kofin, ya sauke tabarau kan idonsa. "Wanzami ba ya son jarfa," in ji shi, ba da kowa ba. "Ku jawo mini wayar lantarki."

Ya shiga da injin yanka. Bai taɓa shamakin ba sai da ya gama zagin aikin baƙon. "Dubi wannan. Walda ce ko kashin kaza? A jikin ginshiƙin rufi ya liƙa, da wani ne ya yanka da rufin ya zauna wa dokinka a ka." Tartsatsi ya yi ta fita ta ƙofar baya. Bi-Sannu yana tsaye a waje, hannu a baya, kamar wanda aka shigar da nasa ɗakin tiyata. Da shamakin ya saki, mutum huɗu suka fito da shi suka jingina a bango. Cikin tirelar ya yi faɗi, ya yi wani irin tsirara, har Bi-Sannu ya kawar da kai.

Auta bai tsaya nan ba. Ya goge duk wani tsini da yankan ya bari har ya yi santsi, ya bi da tafin hannu, ya naɗe wuraren da tsohuwar robar taya. Ya nuna ƙasan sandar ƙirji ya ce ɗan zai iya kutsawa nan ya maƙale a hancin tirela. Bi-Sannu ya ɗauko ragowar katakonsa, aka toshe wurin, katako ya samu aikin da ya dace da shi. Daga nan ilimin ya koma hannun mai shi. Bi-Sannu ya cire ragar da ake rataya ciyawa, don kada siririyar ƙafa ta shiga. Ya ɗebo dusar katako wurin kafintoci ya zuba har ta rufe idon sawu. Ya bar ƙofofi a buɗe ƙaurin wuta ya fita. Duk wannan ya san shi tun da daɗewa, kamar mutumin da ya haddace hanyar garin da ya rantse ba zai je ba.

Da safe ya fito ya tarar da Auta a gaban mota, ya riga ya zauna.

"Ina za ka?"

"In ga aikina. Kada a ce sakata."

A barga Bi-Sannu ya rungumi ɗan ya hau da shi gada, Auta ya biyo da uwar, hancinta a kan bayan ɗanta. Aka ɗaure ta gajere kuma sama, yadda igiya ba za ta yi lanƙwasar da wuya zai shiga ba. Ɗan aka bar shi haka nan, ba ragama ba komai. Aka ɗaga ƙofar baya, aka rufe na sama ma, don ɗan duƙushi in ya ga haske yana iya cewa hanya ce. Bi-Sannu ya kasa kunne. Ba haniniya, ba duka. Sai wani ɗan sauti, cap cap. Ana shan nono.

Ya jira aka gama, sannan ya tada mota.

Ranar ya nuna wa duniya cewa duk tafiyar da ya yi a baya gaggawa ce. Mai keke ya wuce su. Wata mata mai tura baro ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da su har ta gaji da kallonsu. A kowane tudun rage gudu sai ya kusan tsayawa, ya hau da tayoyin mota, ya jira, ya hau da na tirela. Bayansu motoci sun yi layi suna ta ham.

"Yaya, in ka ƙara ragewa baya za mu fara yi."

"Sauka ka taka."

"Da na riga ka."

Ya tsaya a inuwa ya kashe mota, don ɗan ba ya iya kama nono ana tafiya. Ya leƙa ta taga: uwa a tsaye ta buɗe ƙafafu, ɗa ya jingina da cikinta. Ya miƙa mata ruwa a bokiti ta ƙofar gefe. Suka ci gaba, suka sake tsayawa. A tsayawa ta biyun Auta ya sayo gyaɗa ya miƙa masa rabi ba tare da ya dube shi ba, shi ma ya karɓa ba tare da ya duba ba. Bayan sun bar kwalta suka hau hanyar gona, sai tirelar ta yi tsit. Tsit ɗin ya yi yawa. Bi-Sannu ya so ya tsaya, ya ga rumfar ta bayyana, ya daure.

Ya buɗe ƙofofin sama, suka kwantar da ta ƙasa. Goɗiyar tana tsaye. Ɗan kuwa yana kwance a dusa, a miƙe samɓal, wuya a shimfiɗe, ƙafafu huɗu a gefe guda, ido a rufe.

Bi-Sannu ya dafa ƙofa. Ya ji duk abin da ya haɗiye jiya a gaban mutane ya tafi a banza, ya ji ma bai damu da wannan ba. Ya taka gada da ƙyar ya durƙusa, ya kai hannu bai yarda ya taɓa ba. Sai kunnen ɗan ya kaɗa, ya kori ƙuda. Ciki ya ɗaga, ya sauka. Har da ɗan minshari.

"Barci yake," in ji Auta a hankali. Sannan da ƙarfi, "Barci! Tuƙinka ne, Yaya. Ni ma saura kaɗan."

Goɗiyar ta ƙi motsawa. An kwance ta, an ja, an lallasa, ta kafe ƙafafu a gefen ɗanta ba ta ko taɓa shi ba. Dole tsofaffin biyu suka zauna a bakin gada, rana tana dukansu, suna jiran wanda bai kai wata biyu a duniya ba ya ga damar tashi. Da ya tashi ya yi miƙa, ya sauka da tsalle ɗaya, ya shiga gonar yana harbin iska da ƙafar mai ciwon.

Yanzu ɗan duƙushin ya zama saurayin doki, tabon ya ɓace cikin gashi. Na tarar da Bi-Sannu a gonar yana goge masa wuya, na tambaye shi abin da ya kawo ni. Na ce, "Baba, yanzu in wani direba ya zo neman shawara, zai ɗauki goɗiya da ɗanta, me za ka ce masa? A cire shamaki ko a bari?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa yana jiƙa.

"Cire shi ake yi mana, wa bai san wannan ba?" Ya ci gaba da gogewa. "Amma in rubutawa za ka yi, ka rubuta daidai. Ni ban taɓa cire shamaki ba. Auta ne ya yanke."